Saura Amurka

Kawu ya haura shekara ashirin a jihar Merilan, a bayan birnin Washinton, kuma duk tsawon lokacin nan akwai maganar da bai taɓa gajiya da faɗa wa mutanen gida ba: a Amurka abu ba ya lalacewa haka siddan. In ya lalace akwai dalili, akwai lambar da za ka kira, akwai wanda zai zo. Akanta ne, yana yi wa ƙananan 'yan kasuwa lissafin haraji daga gida, don haka a wurinsa duk abin da ke duniya yana da shafinsa da layinsa. Da karatu ya kai ni can na sauka a ɗakin ƙasa na gidansa, huɗubar da ya tarbe ni da ita ke nan tun ban kwance jaka ba.

Gidan na katako ne, da manyan itatuwa a baya da falwaya a bakin titi. Daga falwayar wata baƙar waya ta taso ta sama, ta ratsa rassan wata bishiya, ta sauka a jikin bango. Duk wanda ya taɓa jona dish da dikoda ya san irinta: zagayayya, da allurar tagulla guda a tsakiya, da kan ƙarfe da ake murɗawa. A can ta irin wannan waya intanet ke shiga miliyoyin gidaje. Asalinta ta talabijin ce. Tun wajen 1948 mutanen garuruwan da duwatsu suka kewaye a Fensilbeniya suka fara kafa eriya a kan tsauni suna janyo hoto zuwa gidaje da waya, sai a 1997 aka fitar da ƙa'idar da ake kira DOCSIS, wadda ta daidaita yadda intanet zai bi wannan tsohuwar hanya. Kawu ya san tarihin nan, yana kuma ba da shi ko ba a tambaye shi ba, yawanci da safe, yana tsaye a barandar baya yana watsa wa kurege gyaɗa. Sadaka ce, in ji shi, dabba ma tana da haƙƙi a kan mutum.

Da kaka ta shigo ganye ya fara zuba, sai intanet ɗin ya tsiro da wani hali. Da mutuwa ya yi gaba ɗaya, da an huta. Ɗaukewa yake yi na minti biyu ko uku, fitilun akwatin intanet ɗin su yi ta ƙifta ido, sannan ya dawo garau kamar ba a yi ba. Wata rana ya wuni yana haka, wata rana ko gezau.

A daidai lokacin ne dangi suka tsiri taron Lahadi ta bidiyo, saboda gidan gado da ke Kano wanda damina ta kayar wa katanga, soron kuma ya fara yoyo. Ana zama bayan isha'i a Kano, bayan azahar a Merilan. Kawu kan zauna gaban kwamfuta da hula da babbar riga daga sama, wandon barci daga ƙasa. Taro ne na awa uku. A yi gaisuwa, a yi ta'aziyya, a yi barka, a ɗan taɓa rigimar filin da ke bayan gari, sannan ma'aji, wani ɗan baffansu da ba ya dariya, ya buɗe littafi. Kaduna ta kawo. Abuja ta kawo rabi. Jidda ta yi alkawari.

"Saura Amurka."

A nan fuskar Kawu za ta daskare a allo, baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe.

In za a yi adalci, ya sha yankewa a tsakiyar addu'ar buɗe taro, da lokacin da ake lissafa waɗanda suka haihu, amma ba wanda ya riƙe waɗannan. Na wurin kuɗi aka riƙe. Mahaifiyata, babbar yayarsa wadda ta goya shi, ta aiko masa da saƙon murya da asuba: "Auta, in babu ka ce babu, ba kanka farau ba. Amma wannan daskarewar da kake yi, ko yaran gidan nan sun gano ta." Mutum mai furfura a gemu, wanda bai taɓa jinkirin biyan kuɗin ruwa ba, ya saurara har ƙarshe, ya kife wayar a kan tebur, ya rantse sai ya gano mai yi masa wannan. Tun daga ranar kowa a gidan ya zama abin zargi.

Da ɗansa mai shekara sha huɗu aka fara. Aka kwance na'urar wasansa daga jikin talabijin aka kulle a but ɗin mota. Daren ranar intanet ya ɗauke. Sai aka zo kaina, amma da yake ni baƙo ne, ɗan 'yar'uwa kuma, cikin ladabi ya tambaye ni ko fina-finan Hausar da nake kallo a ƙasa suna da nauyi sosai. Na daina kallo. Ya ɗauke. Daga nan Kawu ya shiga karance-karance, wanda shi ne mafi hatsarin mataki ga mai irin wannan larura, don duk labarin da ya karanta sai ya ga gidansa a ciki. Ya ci karo da na masana taurari na Parkes a Ostireliya, waɗanda tun 1998 na'urarsu ke kamo wani baƙon sigina da ya ɗaure musu kai, sai a 2015 aka gano tukunyar ɗumama abinci ce ta ma'aikata, idan mai yunwa ya buɗe ta kafin ta tsaya. Ya kuma gano cewa irin wannan tukunya da Wi-Fi a zango ɗaya suke aiki, wajen gigahaz 2.4, kuma gaskiya ne takan dame shi. Shi ke nan. Ya zare wayarta daga bango ya liƙa takarda a ƙofarta.

Matarsa Hajiya ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare take yi. Ta dawo da safe ta tarar da takardar, ta karanta, ta ɗora tukunya a wuta ta ɗumama tuwonta yadda aka saba tun kaka da kakanni. Sai da ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Alhaji, ni dai na lura, duk ranar da gwiwata ta tashi, abin nan naka ma sai ya tashi."

"Hajiya, maganar kimiyya muke yi."

"To. Allah ya ba da sa'a."

Kimiyyar ta kai shi kanti, ya dawo da sabuwar rauta mai eriya takwas a miƙe, ta dala ɗari biyu da wani abu. A nan ya kamata a raba abu biyu da mutane da yawa ke haɗawa. Modem shi ne akwatin da baƙar wayar nan ke shiga, shi ke magana da kamfani. Rauta kuwa abin da modem ya karɓo take rarrabawa wayoyi da kwamfutocin cikin gida. In hanyar waje ce ta lalace, ko rauta ta zinariya ka saya, babu abin da za ta raba. Babbar 'yar Kawu, da ke ajin ƙarshe a sakandare, ta faɗi haka tun kafin a fita kantin, aka ce yara su bar manya su yi magana. Bayan sabuwar rautar ta yi kwana ɗaya abin ya sake ɗaukewa, sai aka tuna da ita.

Abin da ta yi bai ci ko sisi ba. Ta jona kwamfuta da waya kai tsaye, ta kawar da Wi-Fi daga lissafi, ta buɗe taga biyu a allo. Ɗaya tana aika wa rauta ɗan saƙo duk daƙiƙa tana jiran amsa, ɗayar tana aika irinsa can waje. Muka zauna muna kallon lambobi suna gangarowa har shayi ya huce. Da abin ya zo, rauta ta ci gaba da amsawa ba fashi, ta wajen kuwa ta yi tsit. Ke nan cikin gida lafiya lau, matsalar daga modem ce zuwa gaba. Aka sallami tukunyar ɗumama abinci ba tare da an ba ta haƙuri ba. Na'urar wasan yaro dai ta ci gaba da zama a but, saboda wasu laifuffuka na daban da Kawu ya ce ya tuna.

Kiran kamfani wani babi ne mai zaman kansa. Na'ura ce ke fara ɗauka, da muryar mace, ta ce ka faɗi matsalarka a taƙaice. Turancin Kawu na makarantar kwana ne ta da, mai cikakken nahawu, amma na'urar ba ta jin sa. Ya ce intanet ɗinsa na yankewa, ta ce ta fahimta, yana so ya biya kuɗin wata. Ya maimaita da ƙarfi, ta karanto masa abin da ake bin sa. Sai da aka kira yaron nan da aka ƙwace wa abin wasa, ya faɗi kalma biyu ta hanci, sannan aka wuce da su wurin ɗan Adam. Shi kuma ya ce a zare wayar wuta, a ƙirga talatin, a mayar. Aka yi. Ya duba daga can ya ce yana ganin komai lafiya, ko akwai wani abin da zai taimaka da shi?

Ba ƙarya ya yi ba. A wannan mintin komai lafiya yake. Masifar cutar da ke zuwa ta tafi ke nan: mai ƙorafi ne kaɗai ke ganinta, kuma da zarar ya kira shaida ta ɓuya. Kashewa da kunnawa ma ƙara ɓoye ta yake yi, don modem yakan sake ƙulla hulɗa da kamfani daga farko, ya zaɓi hanyar da ta fi sauƙi a lokacin, mai amsa waya ya rufe takardar ƙorafi da lamiri mai tsabta.

Amma modem yana da littafin sirri, kuma yarinyar ta san ƙofarsa. Yawancinsu in ka rubuta 192.168.100.1 a wurin da ake rubuta adireshin shafi, sai su buɗe maka cikinsu. Kawu ya gyara tabarau ya matso. Layin farko da idonsa ya faɗa kai yana ɗauke da kwanan wata 1 ga Janairu, 1970.

"Innalillahi! Tun ba a gama yaƙin basasa ba? Tun zamanin Gowon? Kuma duk wata nake biyan haya a kan akwatin nan!"

Da ƙyar aka shawo kansa. Kwamfutoci da yawa daga farkon 1970 suke fara ƙirga lokaci, don haka duk sanda modem ya farfaɗo bai riga ya tambayi kamfani ƙarfe nawa ba, wannan ranar yake rubutawa. Wato kowane 1970 a shafin nan suma ɗaya ce, kuma sun cika shafi. A tsakaninsu wata kalma ke ta maimaituwa, T3. Ashe modem ba ya zama shiru ko kowa na barci. A kai a kai yana yi wa babbar na'urar kamfani sallama, ita kuma ta amsa ta ce masa ya ɗaga murya ko ya rage. In ya yi sallama kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya wuce ba amsa, sai ya rubuta T3 ya sake. In abin ya yi yawa, ko aka yi kusan rabin minti ba a ba shi damar magana ba, sai ya haƙura ya fara komai daga tushe, minti biyu ko ukun nan ke nan da fitilu ke ƙiftawa. Akwai kuma lambar da ke nuna ƙarfin muryar da yake aikawa da ita. Masu aikin sun fi son ganinta ƙasa da 50. Ta Kawu tana 54. Akwatin nan da ke zaune shiru a kan kanta, ashe wata da watanni ihu yake yi.

Da wannan hujja aka samu kamfani ya turo mai gyara. Aka ce zai zo tsakanin takwas da sha biyu, ya zo sha biyu saura biyar, rana ta fito fes, ko ɗigon hadari babu. Ya jona mitarsa, komai kore. Kawu ya tsaya a kan modem yana harararsa, yana roƙonsa a zuci ya yi halin nasa ko sau ɗaya a gaban baƙo. Ina! Mutumin ya ce lambar ta ɗan yi sama, a duba ko akwai mararraba a cikin gida, ya kuma tunatar cikin fara'a cewa in laifin na wayoyin cikin gida ne, zuwa na gaba akwai caji.

Mararraba 'yar ƙarfe ce da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, waya ɗaya ta shiga biyu su fita. Muka sauka ɗakina da tsani da tocila, Kawu na ɗaga allunan silin ni ina riƙe masa ƙafa. Ƙura ta zubo masa a hula. Can ya yi kabbara. Wanda ya sayar masa da gidan mutum ne mai son talabijin, ya kai waya kowane ɗaki har da banɗaki, kuma ya yi aikin ne da mararraba biyu a jere, ta farko tana ciyar da ta biyu, sai a ƙarshen layi modem yake samun abin da ya rage. Kowace irin wannan tana cin desibel uku da rabi, wato fiye da rabin ƙarfin sigina, ko akwai talabijin a ɗaya bakin ko babu. Bakunan da ba a amfani da su kuma a buɗe suke, sun yi tsatsa. Muka cire su muka haɗa wayar kai tsaye. Lambar ta sauko daga 54 zuwa 47.

Kawu bai tsaya wanke hannu ba. Ya ɗauki waya ya yi wa zauren dangi jawabin minti shida, ya bayyana desibel, ya gode wa waɗanda suka yi haƙuri, ya yafe wa waɗanda suka yi zato. Mako ya tafi lafiya, rana kullum.

Ranar Asabar da dare Hajiya ta nemi man zafi. Lahadi aka tashi da yayyafi.

Wannan karon wani daga cikin jikokin gidan ya ɗauki hoton allon, kafin magariba ta yi a Merilan fuskar Kawu ta zama sitika a WhatsApp. Har yau in aka tambayi wani kuɗi a zauren, ba ya cewa komai, ita yake turowa.

Tunda cikin gida ya fita, zargi ya tsallaka titi. Kawu ya karanta labarin Aberhosan, wani ƙauye a yankin Wels na Birtaniya, inda aka yi wata goma sha takwas intanet ɗin gari na rikicewa kullum da ƙarfe bakwai na safe. An canza wayoyi ba a dace ba, sai a 2020 injiniyoyi suka bi gari da na'ura suka gano wata tsohuwar talabijin ce da wani ke kunnawa a wannan lokaci. Nasu ta wayar tarho yake zuwa, amma a wannan karon tunanin Kawu bai yi nisa da gaskiya ba. A tsarin kebul, wayar gilashi ce ke kawo intanet zuwa wani akwati a unguwa, daga nan gidaje gommai ko ɗaruruwa su raba wayar tagulla ɗaya. Abin da ke saukowa bazuwa yake yi zuwa kowane gida. Abin da ke hawa kuwa taruwa yake yi, kamar kwatar unguwa: kowa ya zubo nasa, a bakin layi su haɗu, kuma gida ɗaya mai rini ya isa ya canza wa ruwan kowa launi. Ga shi hanyar hawan, a tsarin da aka daɗe ana amfani da shi a Amurka, tana tsakanin megahaz 5 da 42 ne, unguwa ɗaya da rediyon gajeren zango da iyayenmu ke kamawa a mita 19 da 25. Abin da ke kare wayar shi ne sulken da ke ƙarƙashin baƙar robar, takardar alminiyom da saƙar siraran ƙarafa. In sulken ya tsage a ko'ina, tashoshin rediyo da ƙarar injina da ta cajar waya mai arha duk sai su kutsa, su bi layi su hau, babbar na'ura ta kasa jin sallamar kowa.

Kawu ya ɗebi dambun nama a 'yan robobi ya shiga gida-gida. Dabara ce: a ba da tsaraba, a yi hira, a leƙa falo ko za a hango tsohuwar talabijin. A gida na uku ya samu abokin kuka, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin gidan waya. Shi ma nasa na yankewa, shi ma an sa shi ƙirga talatin har ya gaji, kuma wani mai gyara ya gaya masa ƙarar daga wani gida take a layin. "In na kama shi," in ji dattijon, bai ƙarasa ba. Kawu ya kama hannunsa da hannu biyu. Kafin la'asar sun zauna sun yi jerin waɗanda ake tuhuma, na farko wani mutum a kusurwar titi da ke da doguwar eriyar rediyo a kan rufi kuma ba ya gaida kowa.

Hajiya ce ta kawo ƙarshen kwamitin. Ta sa yarinyar ta jera mata ranakun 1970 ɗin nan bisa ainihin kwanakinsu, ta ɗauko jadawalin aikinta inda take yi wa ranakun ciwon gwiwa alama don likita, ta ajiye su gefe da gefe a gaban Kawu ba ta ce uffan ba. Shi akanta ne. Ya san shafi biyu da suka yi daidai in ya gan su. Ita ta kira kamfani, da muryar da take yi wa majinyacin da ya ƙi shan magani, ta duba hasashen yanayi, ta zaɓi ranar da aka ce za a kwana ana ruwa.

Wata 'yar Habasha ce ta zo, cikin rigar ruwa, ba ta ko shiga falo ba. Ta zagaya inda wayar ta sauka a bango, ta buɗe ɗan akwatin roba, ta sa ƙaramar sifana ta kwance kan wayar. Ruwa ya ɗigo daga ciki. Allurar tagullar da ya kamata ta yi ja tana sheƙi ta koma baƙa-baƙa da kore. Ta ɗaga kai ta bi wayar da ido har cikin bishiya, ta je ta sauke tsani daga mota. Dattijon maƙwabci ya fito da lema ya tsaya kusa da Kawu, don ya ga yadda za a fara kama mai eriya.

Abin da ta sauko da shi guntun waya ne da bai fi kamu ɗaya ba. Wajen taƙi guda na baƙar robar an fere shi, ga sawun haƙora bibbiyu a jere, tsaf-tsaf. Saƙar ƙarafan ta tsittsinke ta yi buzu-buzu, takardar alminiyom ta zama farin gari da ke manne wa yatsa. Ta karkata guntun, ruwa ya zubo a tafin hannunta. Ta ce saƙar nan tsotsar ruwa take yi ta kai shi nesa cikin waya. In an yi kwanaki ana rana sai ta bushe, abin da ya rage na ƙarfen ya ɗan taɓa juna, a samu a lallaɓa. In aka yi ruwa ko raɓa mai nauyi, sigina ya raunana, ƙara ta shigo. Sannan ta duba kwamfutar hannunta ta yi 'yar dariya.

"Ashe nan ne. Masu kula da babban layi sun daɗe suna neman inda ƙarar nan ke shigowa. Duk titin nan take damu."

Dattijon ya juyo a hankali ya dubi Kawu. Kawu ya dubi bishiya. A kan katangar katako, daidai ƙarƙashin wayar, wani ƙosasshen kurege ya zauna a kan ƙafafun baya, ya haɗa hannuwa a ƙirji, yana duban ƙofar baranda, don lokacin karin kumallo ya gota.

"Akwai mai ba su abinci a nan?" in ji mai gyaran.

Ba wanda ya yi magana. Ni baƙo ne. Hajiya ta duƙa tana gyara takalmi. Sai yaron nan, wanda na'urar wasansa ta kusa wata biyu a but, ya ce da Turancinsa mai fita ta hanci, yadda kowa zai ji: "Baba ne. Kullum da safe."

Kuregen can ba irin namu na ƙasa ba ne mai shiga rami. Toka-toka ne, mai hawa bishiya, yana gudu a kan waya ya fi mai keke a titi. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, dole ya riƙa gwaguyar abu mai tauri, kuma bai damu ko reshe ne ko dukiyar kamfani ba. A 1987 ɗaya daga cikinsu ya shiga kayan wuta a Konetikat ya tsayar da kasuwar hannun jari ta Nasdaq fiye da awa guda, wani ya maimaita a 1994. Kamfanin layukan sadarwa na Level 3 ya taɓa cewa a 2011 kashi 17 cikin ɗari na ɓarnar da aka yi wa wayoyinsa a shekarar aikin kurege ne. Kawu ya tattara waɗannan duka daga baya, yana karanta wa duk wanda ya zauna, don a san ba shi kaɗai aka yi wa ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya tashi a gidan da ake tatsuniya kowane dare, an gaya masa halin kurege tun yana cinyar yayarsa, ya zo ƙasar wasu ya buɗe masa gidan abinci.

Aka ja sabuwar waya, aka kauce wa bishiyar. Lambar ta zauna a arba'in da 'yan kai, 1970 ba ta sake dawowa ba. Ranar Lahadi hoto ya fito tar, har ana ganin zaren hular Kawu. Da ma'aji ya ce saura Amurka, Amurka na nan zaune tana ƙifta ido. Kafin ya faɗi abin da zai bayar, Kawu ya ɗaga guntun wayar ya kara a kyamara, ya nuna sawun haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya yi bayani. Aka yi shiru a Kano. Sannan mahaifiyata ta matso da fuskarta har ta cika allo.

"Kurege."

"Wallahi, Yaya."

"A Amurka. Kurege ne ya hana ka biyan kuɗin katanga." Ta gyara mayafi. "To, Auta, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Malam, karanta masa."

Ma'aji ya karanta, ya kuma ƙara da cewa a 'yan makonnin da aka yi ana jiran Amurka siminti ya tashi, don haka lissafin farko ya tashi tare da shi. Kawu ya biya a zaune, kowa na kallo.

Gyaɗa dai an daina. Amma su kurege ba su samu sanarwa ba, kullum da safe suna nan a kan katanga, kuma Kawu ba ya iya barci in ya tuna sabuwar waya. Ya koma karatu, ya gano cewa zafin barkono na korar kurege, shi ya sa ma a can ake sayar da abincin tsuntsaye mai barkono, don tsuntsu ba ya jin zafinsa. Wata Asabar Hajiya na barcin dawowa daga aiki, ya shiga kicin ya ɗauko yajin da aka kawo mata daga gida, ya kwaɓa shi da man shafawa, ya bi katanga da ginshiƙan baranda da gindin bishiya ya shafe su tas. Ya wanke hannu ya zauna da shayi a bakin taga.

Da Hajiya ta tashi ta tarar da robar a wanke a kife.

"Alhaji, wane yajin ka ɗauka?"

"Na cikin mai jan murfi."

"Na ƙuli ne. Rabinsa gyaɗa ce."

Ta ɗaga labule. Kurege biyar ne a kan katanga, biyu a ginshiƙi, ɗaya kuma ya taho a guje ta kan sabuwar wayar daga gidan dattijon maƙwabci.